Ranar da Mani Ya Shiga Layi

Kalla ya danne wayar da kafaɗarsa, hannunsa ɗaya na riƙe da mazurari, ɗayan na tuttula baƙin mai a injin moto, wato babur, na wani saurayi, lokacin da muryar mai gabatar da shirin ta ce an haɗa shi, ya faɗi sunansa da unguwarsu. Ya dire galan ɗin da sauri har mai ya ɗiga masa a takalmi. Mutanen da ke zaune a kan benci gaban rumfarsa suka rage ƙarar rediyo, suka matso.

Shirin Hausa ne da wata ƙaramar tasha ta Wagadugu ke yi kowace Asabar da hantsi, kuma tun shigowar damina ba a taɓo batun da ya tara masu kira kamar na yau ba: rumbunan abinci da ƙungiyoyi ke buɗewa a unguwanni, waɗanda samari ke kira bankin abinci. Kafin Kalla, wani mutumin Larle ya kira ya ce abin zai koya wa mutane zaman banza. Wata mata daga Bilbalogo ta mayar masa da cewa wanda bai taɓa ɗora tukunyar ruwa zalla a wuta don yara su yi barci ba ne kaɗai ke irin wannan magana. Wani ya rantse ya ga shinkafar rumbu ana aunawa a kasuwa. Wani kuma ya ce aikin hukuma ne, ba na 'yan unguwa ba.

"Sunana Kalla, daga Zongo nake kira," in ji shi, yana gyara murya. "Ni ban ce talaka malalaci ne ba. Na tuƙa babbar mota tsakanin Lome da Yamai har gashina ya yi fari, na san yadda yunwa take. Abin da nake cewa, can tsohuwar unguwarmu Zangwatin kafin a rushe mana ita, ba mu da rumbu, ba mu da katin karɓar hatsi, amma kwano ne yake tsallaka katanga kullum. Yanzu mace za ta zo ƙofarka da goyo, ka nuna mata hanyar rumbu, ka mai da ƙofa ka rufe, kana jin ka yi abin kirki."

Mai shirin ya tambaye shi ko shi ma yana aikata abin da yake faɗa. A nan ne bakin Kalla ya riga hankalinsa. Ya ce a gidansa akwai iyali guda da suka gudo daga arewa, tun bara tukunyarsu ɗaya, kuma muddin yana numfashi ba mai ganin su a layin kowa riƙe da kati.

Da ya kashe wayar, benci ya kaure da yabo. Umar Faruƙ, mai sayar da kayan gyaran mota a shagon da ke tsallake, ya miƙo masa hannu ya ce yau ya ji magana. Muntari mai faci, wanda rumfarsa ke jingine da ta Kalla, ya gyaɗa kai kawai yana goga robar taya da magagari. Kalla ya ƙarasa ɗura wa saurayin mai, ya goge hannu da tsumma, ya zauna ya karɓi kofin shayi. Ruwan daren jiya ya wanke gari, jar ƙasar titin ta kwanta, iska mai sanyi na kaɗa ledojin da ke rataye a rumfa. Mutum ne mai wadatar zuci. Rumfar man nan ba ta sa shi ya yi arziki ba, amma tana ci da gidansa, 'ya'yansa sun yi aure sun watse, gwiwoyinsa ne kawai ke tuna masa da shekarun tuƙi. Kuma da Mani da iyalinsa suka zo, ya ji gidan ya sake cika yadda yake so.

Mani yaron motarsa ne a da. Kalla ya ɗauke shi a tashar Birnin Ƙonni yana matashi siriri, ya koya masa ɗaura tamfol, ya koya masa jin ciwon inji da kunne, daga baya ya ɗora shi a kan sitiyari. Da Mani ya kama ƙasa, ya zauna can arewa wajen Jibo, ya buɗe shagon hatsi, ya sayi ƙaramar mota ta ɗaukar kaya, ya auri Rokia, 'yar mutanen wajen, suka haifi 'ya'ya. Sai 'yan bindiga suka tare hanya, gari ya zama ba shiga ba fita. Ranar da suka iso ƙofar Kalla, Rokia na ɗauke da ƙunshin kaya guda, Mani kuma ba ya ɗauke da komai sai ƙaramar 'yarsa. Kalla bai bar shi ya ƙarasa bayani ba. Ya buɗe musu ɗakin babban ɗansa da ke Abijan, ya ce wa matarsa Habi ta ƙara awo. Tun daga ranar Mani yake fita neman dako a tasha ko bakin kasuwa, wata rana a samu, wata rana ya dawo hannu rabbana, amma kwanon tuwonsa na jiran sa ko ya samu ko bai samu ba. Wannan shi ne abin da Kalla ya fi alfahari da shi a duniya, ko da yake sai yau ya faɗe shi a bainar jama'a.

Bai gama shayin ba wata moto ta tsaya gaban rumfar Muntari, tayar baya a kwance. Ni'ima ce, 'yar Alhaji Aliyu Sani mai atamfa, Bakanon da ya daɗe a unguwar. Malamar makaranta ce, kuma ita da abokan aikinta ne suka kafa rumbun Zongo a tsohon siton mahaifinta da ke bayan masallaci. Ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ta bar moton a hannun Muntari, sannan ta durƙusa kaɗan gaban Kalla tana murmushi. Ta ce ta ji shi a rediyo, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Ita da kanta ta san gidajen da a da suke fitar da kwano, yanzu sai su ce wa mai nema ya tafi wurin su Ni'ima, abin yana ci mata rai. Sai dai mutanen da suka shigo garin nan sun fi ƙarfin katanga da kwano.

"Bon, Baba Kalla, yau muke rabo. Ka zo ka gani da idonka, in ya so ka zage mu da hujja."

Kalla ya ce shi ba ya zagin 'ya'yansa, gyara yake musu. Ta yi dariya, ta jira aka lika mata tayar, ta tafi. Umar Faruƙ ya bi ta da kallo ya ce rabin masu karɓar hatsin nan wayarsu ta fi tasa tsada. Can da rana ta ɗan ɗaga ciniki ya lafa, Kalla ya ce wa Muntari ya duba masa rumfa, ya saka hularsa, ya bi lungun masallaci yana tsallake kwatamin da ruwa ya cika. A ransa yana shirya abin da zai faɗa Asabar mai zuwa in ya sake samun layin rediyo.

Bai tarar da abin yadda ya zata ba, bai kuma tarar da shi yadda Ni'ima za ta so ba. An kafa tanti a ƙofar siton, an jera bencina, mata sun fi yawa, wasu da goyo, wasu sun rufe rabin fuska da mayafi. Wani saurayi na kiran lamba da Faransanci, ya maimaita da More, ya maimaita da Hausa, da ƙarfin da bai kamata a kira babba da shi ba. Kalla ya ji haushin wannan, ya kuma ji daɗin jin haushin. Ya hango wata mata da ya san mijinta na da moto biyu na haya, ya ƙara riƙe wannan ma a ransa. Amma a ɗaya ƙofar akwai masu kawowa: wata mai tuwo-tuwo ta juye kwanon wake a buhu ta wuce ba ta ko tsaya gaisuwa ba, wani mahauci ya aje galan ɗin man gyaɗa. Ba mai ɗaukar hoto. Masu awo na zuba masara da shinkafa da wake ba tare da ɗaga kai su kalli fuskar mai buhun ba.

Yana shirin ƙarasawa ya yi wa Ni'ima magana kan saurayin mai kiran lamba, sai ya ji wata dariya da ya sani. A ƙarshen tantin, inda maza ƙalilan suka keɓe, wani mutum na tsaye yana ba da labari da hannu biyu, yana kwaikwayon yadda ake juya sitiyarin babbar mota a laka, waɗanda ke kewaye da shi suna ƙyalƙyala dariya. Rigar da ke jikinsa shuɗiya ce, Kalla ne ya ba shi ita da ƙaramar salla. A hammatarsa akwai buhu a naɗe, a aljihun gaba kuma kan kati ya leƙo. Mani ne.

Kalla ya ja da baya ya tsaya bayan wata bishiyar dogon yaro. Abu na farko da ya faɗo masa shi ne muryarsa a rediyo da safe, da hannun Umar Faruƙ da ya miƙo masa. Na biyu kuwa ya fi ciwo: tun da Mani ya zo gidansa bai taɓa jin ya yi dariya da dukan ƙirjinsa haka ba. A gida murmushi yake yi, ya sunkuyar da kai. Kalla ya tsaya har aka kira lambar, ya ga Mani ya buɗe bakin buhun an zuba masa, ya ga ya ɗaure ya saɓa a kafaɗa kamar mai dako. Sannan Kalla ya juya ta wani lungu ya nufi gida, bai koma rumfa ba.

Habi na zaune a tabarma ƙarƙashin rumfar tsakar gida tana tsinke zogale. Ganin sa a wannan lokaci, da yadda ya shigo ba sallama sosai, ya sa ta ture faifan gefe. Ya tambaye ta ko ta san inda Mani ya tafi. Ta ce ta sani. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun ranar da Rokia ta shigo ɗakinta ta zauna bakin gado tana murza zaninta, ta kasa fara magana, har sai da ita Habi ta fara mata.

Kalla ya zauna a kujerar roba ya cire hula. Ya ce ashe har gidansa ya kai matsayin da baƙonsa zai fita neman hatsi a waje, kuma a rasa mai gaya masa. In awo ne ya gaza, ai da an faɗa masa ya san yadda zai yi. Habi ba ta musa ba cewa tukunya ta yi nauyi, musamman da masara ta yi tsada a daminar nan, amma ta ce ba a taɓa kwana da yunwa a gidan ba, kuma ba wannan ne ya fitar da Mani ba.

"Malam, matar nan a garinsu ita ke dafa wa gida guda har da yaran shago. A nan sai ta tambaye ni kafin ta ɗebi gishiri. Na ce ta daina tambaya, ta ce to, washegari ta sake tambaya. Tukunyar da na wanke sai ta sake wankewa don ta samu abin da za ta yi mini. In yaranta suka ce suna son wani abu, ido take zare musu su yi shiru. Kai kana rumfa, ba ka gani."

Ya ce shi bai taɓa goranta musu ba. Ta ce ba wanda ya ce ya goranta. Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinkar ganye, ta ƙara da cewa da ta san zai faɗi abin da ya faɗa a rediyo, da ta ɓoye wayar tun asuba. Kalla ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga gefen bakinta na rawa da dariyar da take dannewa, sai ya fasa. Shekarun da suka yi tare sun koya masa cewa in Habi ta yi irin wannan fuska, ta riga ta gama shawara.

Bayan azahar Mani ya shigo da buhun a kafaɗa, ledar mai a hannu. Ya yi turus da ya ga maigidan a zaure a lokacin da ya saba kasancewa a rumfa. Ya sauke kayan a hankali, ya durƙusa ya gaishe shi. Kalla ya amsa, ya nuna masa gefen tabarma. Ana jin ɗigar ruwa daga indararo cikin bokiti.

"Da me na rage ka, Mani?"

"Ba ka rage ni da komai ba, maigida. Shi ne ma abin." Ya kalli tafin hannunsa. "Ina cikin layin nan wani ya kunna rediyon wayarsa, na ji muryarka. Ba ka faɗi sunana ba, amma duk wanda ya san gidanka ya san da wa kake. Na so in naɗe buhuna in dawo. Sai na tuna na riga na yi wa Rokia alkawari yau za ta hura wuta."

Kalla ya ji kunya ta hau masa wuya. Ya ce bai yi nufin tona shi ba. Mani ya ce ya sani, kuma abin da aka faɗa a rediyon gaskiya ne, ba ƙari a ciki, ko a gaban Allah zai shaida. Sai dai akwai abin da ya daɗe yana son faɗa bai san ta inda zai kama ba. Ya ce duk lomar da ya kai baki a gidan nan ya san hannun da ya ba shi, yana ganin hannun safe da yamma, yana ganin gwiwar mai hannun tana ciwo in ya tashi daga benci. Ya gode har godiyar ta ƙare masa a baki, kullum ita ce dai, ba shi da wata. Can kuwa hatsin na mutane ne da yawa da bai san su ba, su ma ba su san shi ba. An zuba masa, ya ɗaure, ya tafi. Ba wanda zai haɗu da shi a bakin rijiya gobe ya rasa inda zai sa idonsa.

Kalla ya ce to ai wannan shi ne abin da yake ƙi, a ba mutum abinci kamar ana zuba wa mota mai, ba sani ba sabo. In kowa ya koma haka, wa zai san maƙwabcinsa? Mani ya ce shi dai bai iya gardamar rediyo ba. Abin da ya sani, da Kalla bai buɗe ƙofa ba ranar nan, da ba rumbun da zai ba su ɗaki, ko ya riƙe 'yarsa ranar da zazzaɓi ya kama ta. Wancan daban, wannan daban, kuma shi yana buƙatar duka biyun har Allah ya ɗaga shi.

Sai ya ɗan saki fuska, ya ce akwai wata magana kuma. 'Yar Alhaji ta ce suna neman mai tuƙa musu moto mai ƙafa uku ranar rabo, don kai wa tsofaffi da marasa lafiya nasu har gida, samarin da ke yi sun jefa ta kwata sau da yawa. Ya ce mata shi direba ne. Ta tambaye shi inda ya koya, ya faɗa mata.

"Me ta ce?" in ji Kalla, bai so ya tambaya ba.

"Ta ce in haka ne ba sai an gwada ni ba."

Kalla ya kau da kai yana gyara zaman hularsa don kada a ga abin da ya bayyana a fuskarsa. Ya ce moto mai ƙafa uku ba mota ba ce, tana da wuyar sha'ani a kwana in an yi mata lodi, ya riƙa rage gudu tun kafin ya karya kan. Mani ya ce to, kamar yadda yake cewa shekaru da yawa da suka wuce. Kalla bai ce ya yarda da zancen rumbu ba, Mani ma bai nemi ya ce ba. Ya tashi ya koma wurin sana'arsa.

Labari ya riga shi isa. Tun daga nesa ya ga yadda benci ya yi tsit, Umar Faruƙ na kallon sa da irin fuskar mai jiran abin dariya. Bai gama zama ba mutumin ya ce an ce an ga baƙonsa a bayan masallaci da buhu, shi dai ya ce ƙarya ne, don da kunnensa ya ji abin da aka faɗa wa duniya da safe. Wata amsa mai sauƙi ta zo wa Kalla har bakin harshe: ya ce shi ya aike shi ya gano masa yadda ake rabon. Da ya faɗe ta, da an yi dariya an wuce wurin. Ya dubi galan-galan ɗinsa da ke jere, ya haɗiye ta.

"Gaskiya ne, an gan shi," ya ce. "Magidanci ne, ya san abin da ya dace da iyalinsa. Ni ne na yi saurin baki a kan abin da ba nawa ba."

Umar Faruƙ ya ce to ai shi ke nan, an ba mutum ɗaki an ba shi tuwo, ya je ya ƙara da na rumbu, irin abin da ake faɗa ke nan. Kalla ya juyo ya dube shi sosai. Ya ce mutumin da ake magana a kai ya taɓa riƙe shagon hatsin da ya fi wannan layin shaguna cika, kuma a lokacin ba wanda ya shiga wurinsa ya fita da buhu a naɗe. Abin da ya same shi bai aiko da sanarwa ba, kuma bai yi alkawarin tsayawa a arewa ba. Muntari ya ɗago daga tayar da yake dubawa a baho ya ce Allah ya kyauta, sauran suka amsa, zancen ya koma kan tsadar mai. Kalla ya ƙara da cewa har yanzu yana kan bakansa game da masu rufe ƙofa, kuma gobe zai je ya gaya wa Ni'ima ta koya wa yaron nan mai kiran lamba yadda ake kiran manya. Ba wanda ya yi masa gardama. Ya ji nauyin da ya taso da shi daga bayan masallaci ya ragu, har ya saya wa benci goro.

Da rana ta yi sanyi ya kwashe kayansa ya kulle, ya yi magariba a masallaci, ya nufi gida. Tun daga zaure ƙamshin da bai saba ji ba ya tare shi. A kusurwar tsakar gida, kusa da ƙofar ɗakin baƙi, an kafa duwatsu uku, wuta na ci, Rokia na tsaye a kan tukunya da muciya, tana ba babban ɗanta umarni da More cikin murya mai kauri da Kalla bai san tana da ita ba. Murhun Habi kuwa a kashe yake. Ita tana zaune ta miƙe ƙafa a tabarma tana cin gyaɗa, ta ce masa yau hutu take, an ce kada ta ɗora komai.

Mani ya fito daga ɗaki ya same shi. Ya tsaya a miƙe, bai durƙusa ba, ya ce in maigida bai ƙi ba, yau a wurinsu za a ci. Kalla ya bi shi. A bakin ƙofar ya tsaya cak. Ɗakin nan shi ya gina shi bulo bayan bulo bayan an tashe su daga Zangwatin, shi ya hau ya kafa masa kwanon rufi, amma ya ga labule a sake, takalman yara a jere a waje. Ya cire nasa takalmin ya aje kusa da su, ya yi sallama, ya jira sai da aka amsa aka ce ya shigo.

An shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Rokia ta kawo babenda, faten ganyen yakuwa da alayyafo da gyaɗa da tsakin shinkafa irin na Mosawa, yana tururi, ta zuba masa mai a kai da hannu sake. Duk zamansa a Wagadugu Kalla bai taɓa son wannan abinci ba, tsaminsa ne ba ya yi masa. Ya sa hannu ya ci. Mani na zaune gabansa yana tura masa gefen da ya fi mai, yana cewa ya ƙara, ai bai ci komai ba. Yaran na gardama kan wanda zai zauna kusa da Baba. Ta ƙofa ana jiyo Habi da Rokia suna musu kan yawan kanwar da ake sa wa ganyen, kowace ta kafe a kan nata. Kalla ya ci har ya ga gindin kwanon, ya yarda aka ƙara masa kaɗan, ya sha ruwa.

Da aka kawo masa ruwan wanke hannu, ya buɗe baki zai ce Allah ya sa an ƙoshi kamar yadda ya saba cewa a ƙarshen kowane abinci, sai ya ga ba shi ke da wannan maganar ba yau. Ya nemi wadda ta dace, ya same ta da ɗan nauyi a harshe.

"Na gode, Mani. Na gode, Rokia. Allah ya ƙara buɗi."

Mani ya kaɗa hannu irin na mai gida da ya saba karɓar baƙi. "Haba, ba komai. Duk lokacin da ka ga dama ka shigo kawai, nan gidanka ne."

Daga tsakar gida Habi ta fashe da dariya har da tari. Sai a lokacin Mani ya ji abin da ya faɗa, ya dafe baki. Kalla ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya sauko da ido kan kwanon da ya share tas, ya gyara zama ya jingina da bango.

"To, na ji," ya ce. "Gobe da wane lokaci ake sauke tukunya?"